SHIN LISSAFIN KUƊIN GIDA YANA KORE ALBARKA?

  

Abin da ya jawo wannan rubutu darasin nahawu ne. Duk wanda ya karanta Larabci ya san wahalar babin adadi, inda daga uku zuwa goma lamba take saɓa wa abin da ake ƙirgawa, in namiji ne ta zo da alamar mace, in mace ce ta zo ba alama. Ɗalibanmu na aji biyu a sakandare sun gaji da ƙirga littattafai da alƙaluma, kuma galibinsu daga gida suke zuwa kullum, sai muka ce to kowa ya rubuto mana da Larabci abin da gidansu ya kashe cikin kwana bakwai: sidi nawa a koko da ƙosai, nawa a gawayi, nawa a ruwa, nawa a mota. Mu dai nufinmu su iya cewa sidi uku da olonka biyar ba tare da kuskure ba.

Abin da ya dawo mana ya fi ƙarfin nahawu. 'Yan mata kusan dukkansu sun kawo lissafi dalla-dalla, har kuɗin niƙa da na gishiri, domin su ake aika kasuwa. Samari kuwa da yawa sun rubuta kuɗin motarsu da na data suka tsaya, wani ma ya ɗauka buhun gawayi yana kai wata uku a gidan mutum goma sha ɗaya. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, kuɗin yayi ma za mu sa?" Muka ce yayi nawa? Ta ce tun bayan Sallah mamarta ta ɗinka uku, aure biyu da suna ɗaya. Yarinyar nan kuwa ita ce wadda kusan kowane mako sai ta rasa kwana ɗaya ko biyu a makaranta saboda babu kuɗin trotro. Sai kuma wani yaro ya zo hannu wofi, ya ce babansa ya hana, ya ce gidan da ake ƙirga abin da aka ci albarka tana barinsa, kuma bakin da Allah Ya tsaga ba Ya hana shi abinci.

Maganar wannan bawan Allah ta daɗe tana mana yawo a kai, domin ba shi kaɗai ke faɗinta ba, mu ma a kanta muka tashi. A zango, in aka ce wane yana da littafin da yake rubuta cefanen gidansa, to ba yabo aka yi masa ba. Ana nufin marowaci ne, ko kuwa ya ɗauki ɗabi'ar da ba tamu ba. Saboda haka tambayar da muke son mu duba tare ita ce: Musulmin da ya zauna ya ƙididdige abin da ke shigowa gidansa da abin da ke fita, ya kuma ajiye wani abu don gobe, shin ya rage tawakkali ne? Shin ya rage karamci?

Kada mu yi saurin cewa mahaifin yaron nan jahilci ne ya sa shi. Yana da hujja, ko da bai san inda take a littafi ba. Buhari ya ruwaito cewa Nana A'isha (R.A.) ta daɗe tana ci daga ɗan sha'irin da ya rage a ɗakinta bayan wafatin Annabi (S.A.W.), bai ƙare ba sai da ta auna shi. An kuma ruwaito ya hana Asma'u 'yar Abubakar (R.A.) ƙididdige abin da take bayarwa, don kada ita ma a ƙididdige mata. Ga kuma Sayyidina Abubakar da ya kawo dukiyarsa dukkanta. Bayan nassi kuma ga rayuwa. Zango da sunansa masaukin baƙi ne, kuma abin da ya riƙe mu har yau shi ne ba a ƙirga kwano. Yaron maƙwabci ya shigo ana ci, a matsa masa. Baƙo ya sauka daga Bawku ko Yamai ko Wagadugu bai san kowa ba, masallaci ya ba shi wurin kwana, wani gida ya aiko da tuwo. Mun kuma san mutumin da lissafi ya busar wa zuciya, wanda mahaifiyarsa za ta nemi kuɗin magani ya ce wannan watan bai sa shi cikin tsari ba. In wannan shi ne lissafi, to muna tare da mai hanawa.

Amma Buharin da ya kawo labarin sha'irin A'isha shi ne ya kawo hadisin Miƙdamu ɗan Ma'adikariba, inda aka umurci mutane su riƙa auna abincinsu, aka kuma ce albarka na cikin awon. Malamai sun haɗa ruwayoyin biyu da cewa awo iri biyu ne. Akwai awon mai saye da mai rabo, wanda yake son ya san haƙƙin kowa don kada a cuci wani. Akwai kuma awon mai zullumi, wanda yake leƙa tukunya yana tuhumar Mai bayarwa. Na Asma'u kuwa a kan sadaka aka yi shi, wato kada mutum ya riƙa lissafa alherinsa yana ganin yawansa. Kuma Annabin da ya karɓi dukiyar Abubakar duka, shi ne ya ce wa Ka'abu ɗan Maliku (R.A.) ya riƙe wani abu na dukiyarsa lokacin da ya so ya bayar da ita gaba ɗaya don murnar karɓar tubarsa bayan yaƙin Tabuka. Shi ne ya hana Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas (R.A.) yin wasiyya da fiye da sulusi, ya nuna masa cewa barin magada da abin hannunsu ya fi barinsu suna roƙo. Sayyidina Umar kuma ya ba da labarin cewa Annabi (S.A.W.) yakan ware wa iyalinsa abincin shekara daga dabinon Banu Nadir. To wa ya kai shi tawakkali?

Labarin Annabi Yusufu (A.S.) kowane ɗan makaranta ya san shi, amma akwai abin da muke wucewa da sauri a aya ta 47 ta surarsa. Bai tsaya a cewa a yi ajiya ba, sai da ya faɗi yadda za a yi ta, wato a bar hatsin a zangarniyarsa, domin haka ne yake jure shekaru. Annabin Allah ne ke koyar da dabarar rumbu. Iyayenmu da suka ga 1983 ba sa bukatar tafsiri a nan. A shekarar nan fari ya haɗu da gobarar daji, ga kuma mutane wajen miliyan guda da aka koro daga Najeriya suka dawo ƙasa babu abinci. Ku tambayi tsofaffin gidanku gidan wa aka riƙa zuwa neman masara a lokacin. Wanda ya ajiye ne ya samu abin bayarwa.

A matsayinmu na masu koyar da harshe, bari mu ɗan tsaya a kan kalmomi. Larabci ya raba abin da mu muke haɗawa mu ce almubazzaranci. Israfi shi ne wuce iyaka a abin da asalinsa halal ne, kamar a dafa abincin mutum ɗari don mutum talatin. Tabziri kuwa daga kalmar iri ya fito, irin shuka, wato watsa dukiya kamar mai yafa iri a inda ba gona. A ɗaya gefen akwai taƙtiri, ƙuntatawa. Aya ta 67 ta Suratul Furƙan ta sanya bayin Allah na gari a tsakanin wuce iyaka da ƙuntatawa, aya ta 29 ta Suratul Isra'i kuma ta tsoratar da mai ƙulle hannu da mai sakinsa gaba ɗaya. Kalmar iƙtisadi da ake fassarawa tattalin arziki, tushenta ƙasdu ne, wanda ke nufin nufi, yana kuma nufin tsaka-tsaki. To ta yaya mutum zai san tsakiyar abin da bai san tsawonsa ba? Wanda bai san abin da ke shigo masa a wata ba, bai san ranar da ya tsallaka iyaka ba, sai dai mai bin bashi ya sanar da shi.

Yanzu ga inda muke ganin ainihin maganar take. Kuɗin da ba a tsara shi ba, ba ya zama a wuri ɗaya yana jiran mabukaci. Yana bin wanda ya fi ƙarfin murya. Su wa ke da murya a zango? Biki yana da murya, yana zuwa da lasifika da makaɗa da mai kiran suna. Ƙungiyar mata tana da murya, an fitar da yayi, wadda ba ta ɗinka ba kowa zai gan ta. Majalisar ataya tana da murya, yau kai ne za ka saya, in ka noƙe an samu abin faɗa na mako guda. Su wa kuma ba su da murya? Littafin da yaro ya ce ana bukata, aka ce sai wani mako. Katin inshorar lafiya da ya mutu ba a sabunta ba, ba wanda zai sani sai daren da zazzaɓi ya tashi. Maganin hawan jinin tsohuwa, wadda kunyar ɗanta take ji, ta ce ai da sauƙi. Kuɗin haya, wanda yake shiru har wata ashirin da uku, sannan ya buɗe baki sau ɗaya. Dokar haya ta 1963 ta ce kada mai gida ya karɓi fiye da na wata shida a gaba, amma duk wanda ya nemi ɗaki a Aboabo ko Asawase ko Nima ya san shekara biyu ake cewa.

Waɗannan marasa murya su ne waɗanda Shari'a ta sa a gaba. Muslim ya ruwaito hadisin dinare huɗu, na jihadi da na 'yanta bawa da na miskini da na iyali, aka ce na iyali ya fi lada. Abu Dawuda kuma ya kawo cewa tozarta wanda kake ciyarwa ya ishe ka zunubi. Ashe kenan takardar lissafi, in an yi ta da niyya, wakiliyar masu shiru ce. Ita ce ke tashi ranar biki ta ce akwai yarinya a gida da ba ta da kuɗin mota ranar Litinin.

Mu faɗi gaskiya, da yawa daga abin da muke kira karamci kunya ce ta sa rigar karamci. Gwajin ba shi da wuya. In da za a ce babu mai kiran suna a lasifika, babu mai ɗaukar hoto, a sa kuɗin a ambulan ba suna, nawa za mu bayar? Abin da ya rage bayan wannan tambaya shi ne kyauta, sauran kuwa kuɗin rufe bakin mutane ne, kuma daga kwanon yara aka ɗebo shi. Ba ma zargin mahaifiyar ɗalibarmu ita kaɗai. Ta san in ba ta je na wasu ba, ranar nata ba wanda zai zo, kuma a wurin da babu fansho, mutane su ne ajiya. Wannan ma lissafi ne, kuma ba na wauta ba ne. Sai dai farashinsa ya hau har ya fi abin da yake karewa, kuma mace ɗaya ba za ta iya sauke shi ba. Ƙungiyoyi ne za su iya, in sun yarda yayi ɗaya ya isa shekara, ko a ce farin mayafi kawai, wanda kowa ke da shi. Annabi (S.A.W.) ya yi walimar Nana Safiyya da dabino da cuku da mai, ba nama ba gurasa, auren kuma ya ɗauru.

Wanda ya fi ba mu tsoro shi ne na mutuwa. Lokacin da labarin shahadar Ja'afaru ɗan Abi Ɗalib (R.A.) ya zo daga Mu'uta, a shekara ta 8 bayan hijira, wasu aka umurta su dafa wa iyalinsa abinci, saboda abin da ya same su ya shagaltar da su. Mu kuwa mun juya abin. Gidan da aka yi rashi su ke haya kujeru da rumfa, su ke dafa shinkafar jama'a ranar addu'ar uku da ta bakwai da ta arba'in. Ba mu shiga saɓanin malamai kan taron addu'a ba, kowane ɓangare a zango yana da manyansa, kuma wannan mujalla ta kowa ce. Tambayarmu ɗaya ce: kuɗin wa aka kashe? In mamacin ya bar ƙananan yara, kuma daga abin da ya bari aka ɗiba kafin a biya bashinsa a raba gado, to dukiyar marayu muka ci da cokali, kuma babu mazhabar da ta halatta wannan.

Sai mu shiga cikin ɗaki, inda lasifika ba ta kaiwa. A gidaje da yawa miji bai taɓa faɗa wa matarsa abin da yake samu ba, matar ma tana da susu da bai sani ba. Kowannensu yana da dalili. Shi yana tsoron in ta sani bukatu za su ƙaru, ita kuma tana tsoron in ya sani zai janye hannunsa, ko ya ranta bai biya ba, ko ma kuɗin ya zama lefen wata. Sai ya ajiye kuɗin cefane da safe ya fita, adadin da ya saba ajiyewa tun shekara uku da suka wuce, da dare kuma yana son ya ga nama a miya. A watan Disamba na 2022 hauhawar farashi a Ghana ta kai kashi 54.1 cikin ɗari, ma'ana abin da aka saya sidi 100 shekara guda kafin nan ya koma fiye da 150. Daga baya hauhawar ta sauka sosai, amma saukarta ba ta mayar da farashi inda yake a da ba. Wa ya cike giɓin? Mai koko da ke tashi kafin kiran assalatu, da mai waake, da mai suyar wagashi. (Wani abin dariya kuma, tun 2007 aka cire sifiri huɗu daga sidi, dubu goma ya koma ɗaya, amma har yau akwai maigidan da zai ce ya ba da miliyan guda, alhali sidi 100 ne. Miliyan ta fi daɗin faɗa.)

A Shari'a ciyarwa a kan miji take, dukiyar mace kuma tata ce. Abin da ta sa a tukunya daga ribarta alheri ne, kamar yadda aka faɗa wa Zainabu matar Abdullahi ɗan Mas'udu (R.A.) cewa ciyar da mijinta da marayun da ke hannunta lada biyu ne, na zumunci da na sadaka. Amma alherin da ba a san an yi shi ba, da sannu yake zama kamar dole, daga nan ya zama ƙulli a zuciya. Hindu 'yar Utba ta kai ƙarar mijinta Abu Sufyan kan ƙwauron hannu, aka ba ta izinin ɗibar abin da zai ishe ta da 'ya'yanta gwargwadon al'ada. Ku lura, ba a ce mata ta yi shiru don magana kan kuɗi rashin kunya ce ba. Mu a ganinmu, ba dole ne miji ya buɗe dukkan aljihunsa ba, ba dole ne mace ta bayyana dukkan ajiyarta ba, amma abin da gida ke ci dole su biyu su san shi da lamba ɗaya. Ya bi ta kasuwa sau ɗaya ya ji kuɗin olonkar shinkafa da kunnensa. Mun san masu karatu za su ce yaro ne ke magana, bai daɗe da sanin kuɗin gishiri ba. Gaskiya ne. Amma mun tashi a gidan haya mai ɗaki goma sha biyu, kuma bango ba ya ɓoye faɗan safiya.

Game da inda za a ajiye, manyanmu suna da dalilin rashin yarda da ajiya, kuma ya kamata mu san shi. A Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su bar ƙasa, mutanen zango da yawa suka sayar da abin da suka tara a wulaƙance. A 1982 aka janye takardar sidi 50 daga hannun jama'a. A watan Mayu na 2019 Babban Bankin Ghana ya soke lasisin ƙananan kamfanonin ajiya da rance guda 347 a rana ɗaya, bayan wasu sun riga sun rufe da kuɗin mutane. Wanda ya ga wannan, in ya ce gara ya ci abinsa yau, ba mahaukaci ba ne. Amma darasin da ke ciki shi ne a kula da hannun da ake ba wa. Duk wanda ya yi alkawarin ribar da ciniki ba ya kawowa, ko riba ce ko zamba, ko duka biyun. Mai susu na gaskiya kwana ɗaya yake ɗauka cikin talatin da ɗaya a matsayin ladan aikinsa, kuma katinka yana hannunka. Adashi rance ne tsakanin 'yan'uwa, ba ƙari ba ragi, sai dai a rubuta shi, domin ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Kuɗin waya yana da sauƙin ajiya, amma sauƙin fitarsa ya fi, kuma 'yan damfara sun san lambobinmu. In kuwa tsoron mutum shi ne sidi zai lalace a hannunsa, to ga dabarar Annabi Yusufu: a mayar da shi buhun masara lokacin kaka, ko tunkiya watanni kafin Layya, ko a rage wa mai gida kuɗin haya tun bai tambaya ba. In ajiya ta kai nisabi, wato kimar giram 85 na zinariya, ta kuma shekara, ɗaya cikin arba'in na talakawa ne. Wannan ma ba ya fita sai da lissafi, kuma ba mu taɓa jin wanda ya ce ƙirgar zakka tana kore albarka ba.

Mu matasa kada mu ɗauka maganar iyaye ce. Tun Satumba 2017 ba a biyan kuɗin makaranta a sakandaren gwamnati, amma mota da takalmi da littafi suna nan, kuma wani ne ke biya. Saurayin da ke ci a gida, ya yi wanka da ruwan da ƙanwarsa ta ɗebo, ya kashe abin da ya samu a data da cacar ƙwallo, sannan ya zauna jiran yayansa da ke Jamus ko Amurka ya aiko, shi ma yana cikin masu ƙarfin murya. Caca haram ce ko an ci ko an faɗi, wannan ba ya bukatar dogon bayani. Wanda ke son aure nan da shekara biyu, ya fara da ɗaukar abu ɗaya a gidansu, kuɗin wuta ko gawayi, ya riƙe shi wata shida ba fashi. Zai koyi abin da ba ma iya koyarwa a aji.

Akwai wurin da mu kanmu ba mu da amsa mai sauƙi. Ka tara kuɗin haya wata goma sha takwas, saura shida, sai ɗan'uwanka ya ƙwanƙwasa ƙofa cikin dare, ɗansa yana asibiti ana neman kuɗin aiki. Takarda ta ce kada ka taɓa. Mu dai muna ganin rai yana gaba da haya, ka bayar, Allah Ya san wurin kwananka. Amma lura da abu biyu. Da ba ka tara ba, da babu abin da za ka miƙa masa sai "Allah Ya sawwaƙe". Na biyu, ba kowane mai ƙwanƙwasa ƙofa ne ke da yaro a asibiti ba, wani ɗinkin Sallah ne ya matse shi, kuma shi ma zai ce zumunci. Shi ya sa muke ganin zumunci da sadaka su samu nasu kaso tun ranar da kuɗi ya shigo, komai ƙanƙantarsa, don in an bayar a bayar da sakin fuska, in ya ƙare a iya cewa ya ƙare ba tare da ƙarya ba.

Bayan mako biyu mahaifin yaron nan ya tare mu a ƙofar masallaci bayan La'asar. Dattijo ne mai ɗan teburin kaya a Kejetia. Ya ce, "Malam, kai ne ka sa yara suna ƙirga mana loma?" Muka ba shi haƙuri, muka ce, "Baba, darasi ne kawai, ba mu yi nufin shiga sirrin gidan kowa ba." Muka faɗa masa hadisan nan biyu na awo, ya saurara har ƙarshe. Sai ya yi shiru, sannan ya rage murya ya ce, "To Malam, in na rubuta, na ga ba ya kaiwa fa?"

Ba mu shirya wa wannan tambaya ba. Duk hujjojin da muka tara na mai almubazzaranci ne, ga shi kuma wanda ke gabanmu ba yayi yake saye ba, tsoron ganin lambar yake yi. Shekara da shekaru yana rufe wannan rami da wancan, kuma rashin sanin jimillar shi ke ba shi ƙarfin fita da safe. Abin da muka iya ce masa shi ne, aya ta 7 ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta ɗora wa kowa ciyarwa gwargwadon abin da aka ba shi, wanda aka ƙuntata wa ba a tambayarsa abin mai yalwa. In lissafi ya nuna ba ya kaiwa, to ba laifinsa ya nuna ba, kuma giɓin yana nan ko an rubuta ko ba a rubuta ba, wata ce a gidan take ɗauke da shi ita kaɗai. In an san girmansa, manyan 'ya'ya za su san abin da ke kansu, a san abin da za a jinkirta da shawara maimakon faɗa, in ma ya kai ga karɓar zakka, haƙƙinsa ne da Allah Ya yanka masa. Ya ce zai duba, muka yi sallama.

Ranar Litinin yaron ya kawo aikinsa, kwana bakwai cif, da rubutun hannunsa. A ƙasan shafin akwai layi biyu da wani hannu daban, irin rubutun allo na tsofaffi, an ƙara kuɗin haya da aka raba wata-wata da kuɗin maganin kakarsa, waɗanda yaron bai san da su ba. Akwai kuskuren adadi a layi na biyu, an sa alamar mace inda ba ta shiga. Mun gyara na yaron da jan biro, na ƙasan kuwa mun bar shi yadda yake.